Ɗakin kine da muka kai Kawu: maɓallai, almakashi da jikka uku

Tun da aka ga Kawu yana ɗaga kofin shayi da hannun dama a ƙofar gida, tambaya iri ɗaya ake yi mini a bakin masallaci da ɗakin malamai: ina kuka kai shi, nawa ake biya, wurin ya ci kuɗinsa kuwa? Ya ci, amma ba don injinan da aka jera a ciki ba, kuma ba kowane mai shanyewar ɓarin jiki zan ce a ɗauka a kai ba. Ba zan kama sunan wurin ko na mai shi ba, don akwai inda zan yi suka, shi kuwa mutum ne mai neman halaliyarsa. Ɗakin kine ne, wato wurin da ake koya wa gaɓoɓin marar lafiya motsi, mai zaman kansa a wani lungu na unguwar Zariya, nan Maradi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, tela, ya haura sittin, rabin rayuwarsa a kan keken ɗinki ya yi ta cikin babbar kasuwa. Tansiyo, wato hawan jini, ya daɗe da shi, yana shan magani in kai ya sara, ya ajiye in ya lafa, irin na mutanenmu. Da abin ya faru, hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna jijiyar jini ce ta toshe a gefen hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin dama ya tafi. Baki ya dawo da wuri, ƙafa ta biyo baya da dogara sanda, hannu ya ƙi. Yana ɗaga kafaɗa, yana ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, yatsu kuwa a dunƙule, babban yatsa da manuni kaɗai ke ɗan motsi in ya yi ta maza. Ni ilimin halittu nake koyarwa a lise, don haka duk takarda mai rubutun likita ni ake miƙo wa, ni kuma aka ɗora wa kai shi da ɗauko shi.

Ɗaki biyu ne da rumfar kwano a gaba. A na farko akwai gadaje biyu, sandunan ƙarfe na koyon tafiya, babban madubi, keken motsa ƙafa da injin lantarki mai wayoyin da ake liƙa wa fata. Na biyun ba komai sai teburi, kujeru biyu da akwatin tarkace, kuma a nan ne ake aikin da na ga amfaninsa. Zama ɗaya jikka uku ne, kusan awa guda. In mai ɗakin ne zai zo gida, jikka biyar.

Kawu da niyyar gashi ya je. Ya cire riga tun ba a ce ya cire ba, ya miƙa hannun.

"Yaro, ba za ka gasa mini shi ba? Ai tausa da man zafi aka ce mini."

"Baba, tausa za ta yi maka daɗi, zan ma yi maka kaɗan saboda tauri. Amma naman hannun nan lafiyarsa lau, ciwon a sama yake. Wace sana'a kake yi?"

"Ɗinki."

"To gobe a zo mini da almakashinka, da gwangwanin maɓallai, da ƙyallayen da suka rage a shago."

Washegari mai ɗakin ya zaunar da Kawu gaban teburi, ya sa masa safa a hannun hagu ya ce ya ɗora a cinya, kada ya kawo agaji. Ya kashe rediyo, ya karɓi wayata ya kifa. Ya zuba maɓallai a faranti, ya ware manya, irin na kwat, ya ce a ɗauki ɗaya a jefa cikin gwangwani. Yatsun suka je suna rawa, suka ture maɓallin ya zame, suka sake, ya sake zamewa, gumi ya keto wa Kawu a goshi. Mutumin bai taɓa shi ba, bai ce uffan ba, sai dai ya matso da farantin ɗan taƙi. Can babban yatsa da manuni suka matse shi, ya faɗa cikin gwangwanin da ƙara, kafin ƙarar ta mutu ya ce, "Madalla Baba, haka!" Yaronsa na gefe ya ja ƙwayar carbi ɗaya. Da carbin suke ƙirga, kuma ba a tashi sai ya zagaya. Ranar da Kawu ya fara kwashe manyan ba faɗuwa, yana murmushi, sai mutumin ya share su gefe ya zubo ƙanana na wuyan riga. Kawu ya ce, "Kai yaron nan mugu ne."

Ba mugunta ba ce, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin duk wanda bai gane dalilin wannan tsari ba zai ga kamar jikka uku yake biya a yi wasan yara da mahaifinsa.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Ba a manne suke da juna ba, tsakanin mai aika saƙo da mai karɓa akwai ɗan tsagi, mahaɗar da ake kira sinaps. Mai aikawa ta fesa sinadari, akasari gulutamet, ita kuwa mai karɓa tana da makarɓai a fatarta. Makarɓan AMPA su ne ke buɗewa nan take su wuce da saƙo. Na NMDA kuwa a toshe suke da magniziyam, ba sa buɗewa sai in saƙon ya iso daidai lokacin da ƙwayar mai karɓa ita ma ta motsa. In hakan ta faru, kalsiyam ya kwarara ciki, a ƙaro makarɓan AMPA a wurin, ɗan tsiron da mahaɗar ke kai ya ƙara kauri, gobe saƙo ya wuce da sauƙi fiye da yau. Donald Hebb na Kanada ya yi hasashen haka a 1949, Tim Bliss da Terje Lømo kuma suka wallafa shaidarsa a 1973 daga gwajin zomaye a Oslo. Ƙwayoyin da toshewar jini ta kashe wa Kawu sun tafi, ba sa dawowa. Abin da ake nema shi ne maƙwabtansu da suka tsira su ƙarfafa mahaɗunsu su ɗauki aikin.

Da a nan maganar ta tsaya, da duk motsin da aka maimaita zai zauna, da mai kyau da na banza, har da wanda wani ya kama hannunka ya yi maka kana gyangyaɗi. Ba haka ƙwaƙwalwa take ba. Can ƙasanta akwai wasu ƙananan tarin ƙwayoyi da ke aika rassa zuwa wurare masu nisa suna yayyafa sinadarai huɗu da aka fi sani: dofamin, noradiranalin, asetilkolin da serotonin. Waɗannan ba su ne ke ɗauke da umarnin "matse yatsa" ba. Aikinsu su faɗa wa mahaɗa ko abin da ya wuce ta cikinta yanzu ya cancanci a adana. Yawancin makarɓansu ma ba ƙofofi ba ne irin AMPA. In sinadarin ya sauka a kansu daga waje, sai su tayar da wani furotin mai suna G daga ciki, shi kuma ya tayar da na gaba. Ɗauki makarɓin dofamin na D1: yana ƙara wani ɗan saƙo na cikin ƙwaya da ake kira cAMP, shi ya kunna wani furotin mai suna PKA, PKA ya liƙa wa makarɓan AMPA alamar da ke sauƙaƙa shigar da su mahaɗa, ya kuma kunna DARPP-32, wanda ke riƙe hannun mai goge wannan alama. In saƙon ya yi ƙarfi har ya kai cibiyar ƙwayar, sai a ƙera sabbin furotin, canjin da zai shuɗe cikin awowi ya zama na kwanaki da watanni. Makarɓin D2 kuwa akasin haka yake yi, rage cAMP yake. Sinadari ɗaya, sakamako biyu, ya danganta da makarɓin da ya tarar. Kan wannan fanni ne Paul Greengard, Arvid Carlsson da Eric Kandel suka raba kyautar Nobel ta 2000.

Da Kawu ya tambaye ni me nake ta rubutawa a bayan takardar magani, da yaren shagonsa na faɗa masa. Motsin yatsa zanen alli ne a kan yadi. In allura ta bi ta kansa kafin ya goge, ya zama ɗinki. In ba ta zo ba, an kakkaɓe yadin, shi ke nan. Dofamin da ƴan'uwansa su ne allurar. Ya ce ai sai a ce masa haka tun farko.

Allin nan kuwa saurin gogewa gare shi. A 2014 ƙungiyar Haruo Kasai a Jami'ar Tokiyo ta gwada a yankakken naman ƙwaƙwalwar ɓera: suka motsa mahaɗa ɗaya da gulutamet, sannan suka sako dofamin a lokuta daban-daban. Tsiron bai ƙara kauri sosai ba sai in dofamin ya iso tsakanin daƙiƙa 0.3 zuwa 2 bayan motsin. In ya riga, ko ya makara, a banza. A ɓera aka auna wannan, ba a hannun tela ba, amma tun da na san shi nake kallon "madalla" ɗin mutumin nan da wani ido. Ba ya bari sai an gama zama ya ce yau ka yi ƙoƙari. A kan motsin yake faɗa, kuma ga wanda ya yi daidai kaɗai. Gwangwanin ƙarfe ma da gangan ne, ba roba ba, don ƙarar ta ba da labari kafin baki.

Sauya maɓallan fa? Wolfram Schultz ya daɗe yana sauraron ƙwayoyin dofamin a birai yana ɗiga musu ruwan ƴaƴan itace. Abin da shi da abokan aikinsa suka bayyana a 1997 shi ne, ƙwayoyin ba daɗi suke aunawa ba, bambanci suke aunawa tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu. Ladan da ya zo ba zato yana tayar da su. Wanda aka riga aka tabbatar zai zo, in ya zo ba sa ko motsi. Wanda aka sa rai bai zo ba, sai su yi ƙasa da yadda suke. Ke nan aikin da Kawu zai ci kullum ba ya koya masa komai, wanda ba zai taɓa ci ba kuma karya masa gwiwa zai yi. Gwanintar mai wannan ɗaki, wadda ita ce nake ganin ta cancanci kuɗin, ita ce tsayar da mutum a tsakiya, inda zai ci wani ya faɗi wani. Yana yin haka da abubuwan da ba su kai dala goma ba: ya matso da faranti, ya nesanta shi, ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasan maɓallin don kada ya zame, ya janye ƙyallen. Kuma ba batun yankin jin daɗi kaɗai ba ne. Ƙungiyar Andreas Luft ta nuna a ɓeraye cewa in aka lalata rassan dofamin da ke shiga yankin sarrafa motsi, dabbar tana iya yin abin da ta riga ta iya, amma koyon sabon kamu da ƙafar gaba yana yi mata wuya.

Kashe rediyo da kifa waya na asetilkolin ne, sinadarin da ke tashi in mutum ya tattara hankali. A 1998 Michael Kilgard da Michael Merzenich suka riƙa kunna wa ɓeraye wani sauti guda, a daidai lokacin suna tsokanar tarin ƙwayoyin da ke sako asetilkolin. Bayan makonni, filin da wannan sauti ya mallaka a yankin ji na ƙwaƙwalwa ya faɗaɗa ƙwarai. Jin sautin kawai, ba tare da tsokanar ba, bai yi haka ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji bayan azahar a watan Afrilu ya san gaskiyar wannan ba sai an kawo ɓera ba.

Akwai ranar da matar Kawu ta biyo mu. Tana tsaye a kansa, duk maɓallin da ya faɗi sai ta ce, "Haba Alhaji, ɗan wannan abu? Daure mana, mutane na jira." Kafaɗarsa ta ɗage, yatsun suka ƙara dunƙulewa. Mutumin ya miƙe ya ɗauko kujera ya kai rumfa, ya dawo ya ce, "Hajiya, ga wuri can ya fi iska, ki huta, in mun gama na kira ki." Ta fita tana ƙunƙuni, har yau ba ta yafe masa ba. Ni kuwa na ba shi gaskiya. Noradiranalin daidai wa daida yana farkar da mutum, kuma ta makarɓansa na beta yana bin hanyar cAMP ɗin nan yana sauƙaƙa ƙarfafa mahaɗa. Ƙungiyar Alfredo Kirkwood a Jami'ar Johns Hopkins ta nuna a 2007 cewa motsi iri ɗaya yana iya ƙarfafa mahaɗa ko ya raunana ta, gwargwadon makarɓin da ke kunne a lokacin: beta na jan ta sama, alfa-1, wani makarɓin noradiranalin ɗin, na jan ta ƙasa. In tsoro da kunya suka yi yawa kuma, sinadarin ya yi ambaliya, sashen goshi mai tsara aiki ya rikice. Dattijon da ya ciyar da gida shekara arba'in da yatsunsa, a tsaya a kansa ana ƙirga masa faɗuwa, ba abin da zai koya a ranar.

Carbin kuwa maganar yawa ce. Randolph Nudo ya nuna a 1996 cewa biran da aka yi wa ƙaramar toshewar jini a yankin hannu, in ba a horar da su ba, har lafiyayyen filin hannun da ke gefen ciwon ƙanƙancewa yake yi. In an sa su ɗaukar ƙwayoyin abinci daga ƙananan ramuka kullum, filin ya tsira. Dabbobin irin waɗannan gwaje-gwaje ɗaruruwan kamu suke yi a rana. Da Catherine Lang ta ƙirga abin da ake yi a ɗakunan kine na Amurka da Kanada a 2009, matsakaicin maimaicin aikin hannu a zama ɗaya 32 ne kacal. Don haka carbi mai ƙwaya 99 da ya zagaya ya wuce abin da ake yi a wurare masu tsadar gaske. Safar hannun hagu kuma daga dabarar Edward Taub ta samo asali: in lafiyayyen hannu yana yin komai, ƙwaƙwalwa sai ta saba da watsi da ɗayan.

To tunda sinadarai ne, me zai hana a saye su a farmasi a huta? Ɗan Kawu da ke Kano ya yi ta bugo waya kan wannan, wai an ce masa akwai ƙwayar da ke "tada jijiya". Masana sun riga shi wannan tunani. Tun 1982 Dennis Feeney ya ga ɓerayen da aka yi wa rauni a ƙwaƙwalwa suna saurin farfaɗowa in an ba su amfetamin, maganin da ke ƙara dofamin da noradiranalin, amma sai in an sa su tafiya kan katako yayin da maganin ke jikinsu. Haloperidol kuwa, mai toshe makarɓan dofamin, jinkirta su yake yi. A mutane, wani ƙaramin gwaji a Jamus a 2001 ya ba da fata kan lebodofa, maganin da jiki ke mayarwa dofamin, amma babban gwajin DARS na Birtaniya, mai mutum 593, ya fito a 2019 ba tare da ya inganta tafiya ba. Fuluwoksetin, mai ƙara serotonin, ya yi kyau a gwajin FLAME na Faransa a 2011 da mutum 118. Da aka maimaita a FOCUS da mutum 3,127, bai ƙara wa marasa lafiya iya yi wa kansu hidima ba; ya rage baƙin ciki, ya kuma ƙara karyewar ƙashi. Gwaji biyu na 2020, ɗaya a Suwidin, ɗaya a Ostiraliya da Niyu Zilan da Biyetnam, suka zo da amsa iri ɗaya. A nawa ganin dalilin bai ɓuya ba: ƙwaya tana jiƙa ƙwaƙwalwa gaba ɗaya na awowi, ba ta san wace mahaɗa ce ta yi daidai daƙiƙa ɗaya da ta wuce ba.

Abin da ya fi kusa da nasara shi ne wanda ya kiyaye lokaci. Akwai na'urar da ake dasawa a ƙirji, wayarta ta naɗe jijiyar bagus a wuya. Mai kine na riƙe da maɓalli, duk sanda marar lafiya ya yi motsin da ake so sai ya danna, a tsokani jijiyar na rabin daƙiƙa, noradiranalin da asetilkolin su fito a kan motsin. A gwajin da Jesse Dawson na Gilasgo ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2021 da mutum 108, kashi 47 cikin ɗari na masu na'urar a kunne sun sami ci gaba mai ma'ana, su kuwa masu ita a kashe kashi 24. Amurka ta amince da ita a watan Agustan shekarar da sunan Vivistim. Wannan ba abin aljihunmu ba ne, ba kuma a nan ake yin sa ba. Na kawo shi ne don a ga ko da tiyata da na'ura, sai da mutum zaune a gefe yana kallon yatsu yana jiran daidai lokacin.

Wani abin da na yaba: tun makon farko mai ɗakin ya ce a zo masa da ledar magunguna duka, har da waɗanda ba likita ya rubuta ba. Ya zazzage a teburi, ya tsamo diyazefam da aka saya wa Kawu wurin masu talla don barci, da tiramol da wani abokin kasuwa ya kawo "don ƙarfin jiki". Bai ce a zubar ba, bai ce a ci gaba ba, ya ce wannan ba huruminsa ba ne, a kai wa likitan da ya rubuta na tansiyo gobe-gobe, kada kuma a yanke na barcin kwatsam. Diyazefam yana ƙara ƙarfin birkin ƙwaƙwalwa ta makarɓan GABA, yana cikin magungunan da bincike ya danganta da jinkirin farfaɗowa. Tiramol kuwa, ban da aikinsa irin na ofiyom, yana hana kwashe serotonin da noradiranalin daga mahaɗa, yana kuma iya jawo farfaɗiya, abin da mai tabo a ƙwaƙwalwa ya riga ya fi kowa kusa da shi. A garin da ƙwayar nan ba ta wuyar samu, wannan tambaya kaɗai ta biya kuɗin zama.

Yanzu suka. Lokacin da aka ba ka ba shi ne lokacinka ba. A ce ƙarfe tara, ka zo ka tarar da mutum uku a rumfa, kwano ya ɗauki zafi, dattijo mai tansiyo ya zauna har ya gaji kafin a kira shi, alhali duk bayanin da na yi a sama yana buƙatar mutum a wartsake. In wuta ta ɗauke, ɗaki na biyu ba taga sai ɗaya. Muka koma neman layin farko bayan asuba, shi ne ya yi mana magani.

Na biyu, injin lantarki. Jikka ɗaya ake ƙarawa a kansa, kuma mutane shi suke so, don ana ganin yatsu na miƙewa da kansu. Yana da amfani in marar lafiya na ƙoƙarin buɗe hannun a lokacin da wutar ke shiga. Amma yadda yaron wurin ke yi, ya liƙa wayoyi ya koma duba wayarsa, marar lafiya na kallon rufi, wannan jikka ce aka jefa a rijiya. Na faɗa wa mai ɗakin, ya ce, "Malam, in ban sa musu inji ba cewa suke ban yi komai ba, su tafi wurin mai tsaga." Na gane uzurin, ban karɓa ba. Yaron nan kuma na taɓa ganin ya tayar da wata tsohuwa ta hanyar jan shanyayyen hannunta, abin da ke iya gurɗa kafaɗar da namanta ya saki. Ku sa ido, ku ma a gida kada a ja ta nan.

Na uku, ba mace ma'aikaciya, labule ne kawai tsakanin gadajen. Na san gidajen da ba za su kai uwa ko mata ba saboda wannan, kuma ba za a ga laifinsu ba. Na huɗu, ba ya rubuta komai a ba ka. Ƙirgar carbi a kansa take. Da muka koma wurin likita ya tambayi ci gaban da aka samu, sai da baki na yi bayani. Ni na sayi kaye na riƙa rubuta kwanan wata, girman maɓalli da adadin da ya shiga gwangwani, kuma Kawu ya fi son duba kayen nan fiye da komai.

Inda aka kai: yana cin tuwo da dama, yana riƙe kofi, yana ɓalla maɓallin rigarsa in ba sauri ake ba, yana yanka ƙyalle a kan layi in layin miƙaƙƙe ne. Zura zare a allura bai dawo ba, kuma mutumin bai taɓa yi mana alkawarin zai dawo ba. Ba zan ce duka aikin ɗakin ne ba, domin a watanni ukun farko ƙwaƙwalwa da kanta tana cikin yanayin gyara, mafi yawan farfaɗowa a nan ake samu, kuma mun fara a cikin wannan lokaci. Shi ya sa kwanakin da ake ɓatawa ana jiran hannu ya "huce", ko ana yawon turare da tsaga, suna da tsada.

Wanda yatsunsa ko wuyan hannunsa ke ɗan motsi, kuma yana gane magana, irin wannan ɗaki nasa ne. Wanda hannun bai motsi ko kaɗan, ko hankalinsa bai dawo ba, maɓallai ba za su yi masa aiki yanzu ba. A kira mutumin gida ya koya wa masu jinya juyi, zaunarwa da kare kafaɗa, kada a yi ta biyan adaidaita. In aljihu bai kai zama uku a mako ba, a yi ɗaya, a ce ya nuna aikin gida, a samo gwangwani da carbi, a zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri a gidan ya zauna da marar lafiya safe da yamma. A tafi masa da kayan sana'arsa: ludayi da murfin tukunya, kuɗin ƙarfe na canji, alƙalami da allo, ko igiyar ɗaurin akuya. Kafin a fito daga gida a tabbata ya sha maganin tansiyonsa, don mutumin yana aunawa a bakin ƙofa, in ya tarar ya hau, mayar da ku zai yi ba tare da ya karɓi ko dala ba.